CIWON DAMUWA: KADA KI HAƊA MAGANIN ASIBITI DA NA GARGAJIYA A ƁOYE

Uwargida, tun da kin zo awo yau, tsaya ki karanta wannan. In ta kusa da ke ba ta karatun boko, ki karanta mata.

MENE NE CIWON DAMUWA?

Kowa yakan yi baƙin ciki wata rana. Mai jego ma takan yi ta kuka ba dalili a kwanakin farko na haihuwa, wannan kuwa yakan wuce da kansa kafin mako 2. Wanda muke magana a kansa shi ne ƙuncin da ya zarce mako 2, kusan kullum. Barci ya ƙi, ko kuwa ya yi yawa. Abinci ba ya shiga. Biki da suna da hirar da kika saba jin daɗinsu duk sun fita ranki. Jiki ya mutu, kina ganin kin kasa, har jaririnki ma ba kya jin ɗokinsa. Da yawanku ba da wannan kuke zuwa mana ba, sai dai ku ce ciwon kai, ko faɗuwar gaba, ko zafin ƙirji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace 1 cikin 10 takan sami wannan ciwo bayan haihuwa, a ƙasashe masu tasowa ma abin ya fi haka. Ki duba bencin da kike zaune. Ba ke kaɗai ba ce.

ABIN DA AKE FAƊA A GIDA

Mun san maganganun. Wata za a ce mata iska ce ta taɓa ta, wata a ce sammu ne, a ɗora wa kishiya. Wadda ta fi ciwo ita ce a ce wa mace ba ta da haƙuri, ko ta rasa tawakkali. To, mai hawan jini ba a ce mata ta rasa tawakkali, ana kai ta a gwada jininta ne. Damuwa ma ciwo ce, tana kama mai ibada, tana kama mai kuɗi, tana kama wadda mijinta ke kyautata mata.

Wasu kuma tsoronsu a gan su a layin likitan ƙwaƙwalwa a ce sun haukace, zance ya bi 'ya'yansu har wajen aure. Ki sani abin da kika gaya mana sirri ne. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta hana a nuna wa mai irin wannan ciwo bambanci.

Addu'a da ruƙiyya ba su karo da maganinmu. Ki ci gaba da su. Abin da muke tambaya shi ne abin da ke shiga ciki: jiƙo, da saiwa, da gari, da rubutun da aka haɗa da sassaƙe.

MAGANIN ASIBITI

Ba kowace mai damuwa ake ba ƙwaya ba. In ciwon bai yi nauyi ba, zama da ma'aikaciyar lafiya a yi magana, da samun mai kama miki aiki da raino, sukan isa. Mukan kuma duba ko ƙarancin jini ne ke kashe miki jiki. In ciwon ya yi nauyi sai likita ya rubuta magani, irin su amitiriftilin, ko fuluksetin, ko satralin.

Ga inda ake samun matsala. Waɗannan ƙwayoyi ba kamar farasitamol suke ba, da za ki sha yanzu ki ji sauƙi an jima. Sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ki fara jin canji, wani lokaci har mako 6. Cikin wannan jira ne maƙwabciya ko gwaggo za ta ce, ai na asibitin nan bai karɓe ki ba, ga wani jiƙo. Niyyarta alheri ce, amma ba ta san abin da ke cikin jininki ba.

WAƊANDA BA A HAƊAWA

Na farko shi ne wani ganyen ƙasashen Turai mai rawayan fure, wanda ake sa wa cikin kafso ko ganyen shayi. A jikin kwalbar za ki ga an rubuta St John's Wort ko Hypericum. Ana tallarsa a waya da intanet, wai yana faranta rai, kuma wai tun da ganye ne ba ya illa. Ganyen nan yana ƙara wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin. Maganin da likita ya ba ki ma aikin da yake yi ke nan. In sun haɗu sai sinadarin ya yi wa jiki yawa, abin kuwa yana iya kisa. Kada ma ki ce bari in bar na asibiti yau in soma wannan gobe, domin fuluksetin yakan yi makonni a jiki bayan an daina sha.

Ganyen yana da wata ɓarnar da ta shafi mata. Yana sa hanta ta yi saurin fitar da wasu magunguna kafin su gama aiki. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko mai ashanar hannu, tana iya ɗaukar ciki ba ta shirya ba. Haka yake rage ƙarfin wasu magungunan cutar ƙanjamau.

Na biyu zaƙami, wanda wasu ke kira babba jibji. Akan sa shi cikin wasu haɗe-haɗe na sa barci ko na korar iska, ba tare da an gaya wa mai sha ba. Shi kaɗai ma guba ne. Amitiriftilin dama yakan busar da baki, ya ɗaure ciki, zaƙami kuma ta nan yake bi, sai abin ya ninku: zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya ƙi fita, gani ya dushe, mace ta ruɗe tana surutai. Sai 'yan gida su ce ai ga aljanun sun tashi, a ƙara mata wani kofin. Wannan shi ne ya fi ba mu tsoro.

In maganin ya ɗaure miki ciki, kada ki dogara da filasko kullum. Yawan gudawar da yake sawa yana zubar da gishirin jiki da zuciya ke bukata. Ki yawaita ruwa da ganye da gwanda, ki kuma gaya mana.

Mai jego, ki yi hattara da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan kanwa da kwanciyar gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego. Amitiriftilin kuwa bai dace da mai ciwon zuciya ba. In ƙafafunki suna kumbura, ko kina haki in kin kwanta, ki faɗa tun kafin a rubuta miki magani.

Kayan mata da magungunan kwalba na kasuwa, ba wanda zai iya gaya miki duk abin da ke ciki, har mai sayarwar. Ko kin ga lambar NAFDAC a jiki, lambar ba ta nufin an gwada shi tare da ƙwayar da kike sha.

Tiramol ba ganye ba ne, amma tilas mu ambace shi, don ana sayensa a kemis saboda ciwon baya da gajiya. Haɗa shi da maganin damuwa yana kawo illa irin ta ganyen can na Turai, har da jijjiga. Maganin tari mai sa maye ma ki guje shi.

Citta da tafarnuwa da zogale da kanumfari na cikin miya da kunu, ki ci abinki. Goro da shayi mai kauri dai a rage su da yamma, suna hana barci.

KI ZO ASIBITI NAN TAKE IN KIN GA:

Rawar jiki da gumi mai yawa, tsoka tana fizga, ga zazzaɓi da gudawa, musamman in kin sha wani sabon abu a ranar ko jiya. Kada a tsaya ana cewa zazzaɓin sauro ne.

Ruɗewa, ko jijjiga, ko zuciya tana bugawa kamar za ta fito.

Tunanin kashe kai ko cutar da jariri, ko jin muryoyin da wasu ba su ji. Wannan ba abin kunya ba ne, ciwon ne ya kai haka, kuma ana warkewa. Ki gaya wa maigida ko wata babba da kika yarda da ita, a kawo ki ko da tsakar dare ne. Kada a bar ki ke kaɗai.

IN KIN FARA JIN SAUƘI

Kada ki ajiye maganin. Yawanci ana ci gaba da sha wata 6 ko fiye bayan an ji sauƙi, don kada ciwon ya dawo. Ba ya sa maye irin na ƙwayoyin da matasa ke sha, amma in aka yanke shi rana ɗaya yakan kawo jiri da tashin zuciya da rashin barci. Likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan.

In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa. Akwai wanda kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, kamar satralin, saboda haka kada ki yaye yaro da kanki don tsoron magani. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, shi ma fa nono yake bi.

Ki ɓoye ƙwayoyin inda hannun yara ba ya kai, a akwati mai makulli in da hali. 'Yan ƙwayoyin amitiriftilin kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro. Kada kuma ki ɗiba wa ƙawarki don ta ce ba ta barci.

Ranar dawowarki, ki zuba duk abin da kike sha a leda ki zo da shi: kwalba, ƙulli, gari, saiwa, har na kemis. Ba za mu yi miki faɗa ba, ba kuma za mu tambayi wanda ya ba ki ba. Wanda ba ya illa za mu ce ki ci gaba, wanda ke karo da maganinki mu nuna miki. Ki zo da katinki, in maigida zai samu rakowa ya fi, mu yi masa bayani shi ma.