Abin da Ya Sa Jarumin Shiri Mai Dogon Zango Yake Shiga Rai

Tsofaffin masu kallon talabijin a Bauchi sun san Samanja Mazan Fama: duk abin da ya same shi a wannan makon, mako mai zuwa yana nan yadda aka san shi. Wannan shi ne shiri mai kashi-kashi, kowane kashi da ƙarshensa. Haka shirin kimiyyar ƙage na Amurka, Star Trek, ya faro a 1966, kafin wani reshensa, Deep Space Nine na 1993, ya riƙa jan labari ɗaya tsawon shekaru. Shirin Labarina, na Aminu Saira, wannan hanya ta biyu, wato dogon zango, ya bi tun 2020.

A ganina dogon zango ya fi gina jarumi, domin kuskuren jiya yana bin sa har gobe, kuma hali ba ya sauyawa sai da dalili. Wasu za su ce irin wannan shiri yana jan rai, kuma wanda wuta ta ɗauke masa ya rasa kashi ɗaya, zaren ya tsinke. YouTube ya rage matsalar wutar. Jan rai kuwa gaskiya ne, amma laifin marubucin da ya fara bai san inda zai tsaya ba ne. Marubutanmu, ku tsara ƙarshen jarumi kafin a kunna kyamara.