Fizgar giya: a duba mai kafin a kwance akwati

Tsakanin Tawa da Agadas akwai tafiyar kimanin kilomita 400, cikin zafi da ƙura. A irin wannan hanya ne mai Land Cruiser mai canza giya da kanta yakan ji motar tana fizga, ko tana jinkiri kafin giya ta shiga. Nan da nan hankalinsa ya tashi, ya ɗauka akwatin giya ya mutu.

Gwanin makaniki ba ya gaggawar kwance akwatin. Mansa yake fara dubawa. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, to zafi ya cinye shi. In kuwa ya ragu, akwai inda yake yoyo. Sai a toshe wurin, a canza matata, a zuba irin man da kamfanin motar ya ƙayyade. In fizgar ba ta daina ba, a haɗa na'urar bincike, domin wani lokaci ɗan bawul na lantarki ne ya gaza.

Wanda ya yi sakaci har farantan ciki suka ƙone, kuɗin gyara zai ninka, ƙila ma ya kwana a dajin Abalak.