Duba Gangar Birkin Baya na Mota

Birkin baya na motoci da yawa a ɓoye yake cikin wani ƙoƙon ƙarfe da ake kira ganga, wanda ke juyawa tare da taya. A cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa. Idan direba ya taka birki, su ke buɗewa su danne gangar daga ciki. Tun da ido ba ya ganinsu, sukan cinye ba wanda ya sani. Saboda haka ya kamata hakimi ya sa a buɗe a gabansa, ko gaban malaminsa, kafin a fita rangadi, balle bayan damina, lokacin da mota ta sha ratsa rafi da yashi.

A tsai da mota a wuri mai daidai, a tokare tayoyin gaba, a sassauta notuna, sa'an nan a ɗaga. Kada a dogara ga jak kaɗai, sai an sa matokari mai ƙarfi. Lalle ne a saki birkin hannu, in ba haka ba gangar ba za ta fito ba. In ta cije, a bubbuga gefenta a hankali. In ta ƙi, bakanike ya sassauta abin da ke gyara tazarar takalman.

Ƙurar da ke ciki ba a hura ta da baki, domin takan cuci huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa. Kada kuma kowa ya taka birki alhali ganga tana waje.

To, abin dubawa: fatar takalmi in kaurinta ya komo wajen milimita 1.5, ta ƙare. Ganga mai tsagewa sai jefarwa. Mai zurfin ƙarce ana iya sassaƙe ta, muddin faɗin cikinta bai zarce adadin da aka zana a jikinta ba. Amma mafi hatsari shi ne danshi. In an ɗaga robar silinda aka ga man birki yana tsattsafowa, to, motar ba ta tafiya ba ce sai an gyara, kuma takalmin da ya sha mai wanki ba ya ceto shi.

Takalma a kan sake su dama da hagu tare, don kada mota ta riƙa fizga gefe guda. Bayan an mayar, direba ya tattaka birki har ya yi tauri, ya gwada a hankali kafin ya ɗauki kowa.