Shin Ko Kun San? Sirrin Da Ke Cikin Kakin Yaƙi

Shin ko kun san cewa sojojin Faransa sun shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 sanye da jajayen wanduna? Ja wur, a fili fetal, ga kuma bindigogi masu aman wuta na Jamusawa. Sai a 1915, bayan an yi asarar ɗimbin rayuka, suka koma wa shuɗi mai dusashewa. Ingila ta riga su farkawa: tun 1902 ta mayar da tufa mai launin ƙasa kayan fagen daga, dabarar da dakarunta na Indiya suka soma tun shekarun 1840.

Ko kun san an hana sojan Amurka sa wa kakin yaƙinsa sitaci? Ga mu da muka saba ganin ɗamara ta sha guga tana tsaye ƙyam, abin da ban mamaki. Dalili shi ne an sarrafa yadin ta yadda zai saje da ciyawa da ƙasa ko a cikin na'urar gani da dare. Sitaci, da sabulun wanki mai sinadarin ƙara haske, suna ɓata wannan aiki, sai mutum ya fito fes a idon abokin gaba alhali yana zaton duhu ya rufa masa asiri. Takalmin ma yanzu na fata ce mara sheƙi, mai shushaina ba shi da ciniki a nan.

Yadin kuwa rabi auduga ne rabi nailan, an ratsa shi da zare mai ƙarfi gida-gida, don in ƙaya ta huda kada yagewar ta zarce.

Aljihunan ƙirji a karkace ake ɗinka su, ba don ado ba. Soja na ɗora rigar sulke a kai, hannu kuma ta gefe yake iya kutsawa. Saboda sulken ne aka ƙara aljihu a dantse, aka kuma yi kwala mai miƙewa don kada wuya ya saluɓe. Daga baya ma aka fito da rigar da hannayenta kaɗai ke da dabbare-dabbare, gangar jikin kuwa yadi ne mai laushi mai shan gumi, tunda sulke ya rufe wurin. A gwiwar wando ma an yi wani aljihu da ba a zuba komai sai matashin kariya.

Shin kun san maɓalli ya kori Velcro daga aljihun wando? Abin mannawar yana da saurin buɗewa, amma yana ƙara, wanda ke kwance a kwanton ɓauna kuwa ko tari ba ya so. Ga ƙurar Afghanistan da ke cushe shi har ya daina kamawa. A 2010 rundunar Amurka ta saurari koken dakarunta ta mayar da maɓalli.

Yanzu ga babban abin kunya. A 2004 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fito da zane ɗaya tilo, ruwan toka da ɗan kore da launin yashi, wai zai dace da daji da hamada da gari baki ɗaya. An jefi tsuntsu uku da dutse ɗaya, ba a sami ko guda ba. A duwatsun Afghanistan sojoji suka riƙa fitowa ƙuru-ƙuru, dole a 2010 aka ba waɗanda ke can zanen MultiCam na kamfanin Crye Precision. Sabon zane ya zo a 2015, tsohon ya yi ritaya a ƙarshen Satumbar 2019. A ganina duk mafaraucin da ya taɓa laɓewa a dawa zai iya gaya musu haka tun ranar farko, kyauta.

Sojan ruwan ƙasar ma sun taɓa nasu. An ɗinka musu kaki mai dabbaren shuɗi, ma'aikatan jirgi suka riƙa barkwanci cewa wanda ya faɗa teku kaɗai yake ɓoyewa. Shi ma a 2019 aka jingine shi.

Zanen nan mai ƙananan murabba'ai kamar hoton kwamfuta da ya fashe, Kanada ce ta fara ba dakarunta shi.

Ko kun san kakin yana yaƙi da sauro? Tun 2013 ake jiƙa na sojan ƙasa na Amurka da maganin ƙwari na permethrin tun daga masana'anta, irin wanda aka daɗe ana sa wa gidan sauro, kuma yana jure wanki kusan 50. Wuta ma an yi mata shiri. A 2006 aka hana dakarun Marine da ke Iraƙi fita sintiri da singiletin roba, domin in bam ya tashi narkewa take ta manne wa fata. Daga nan yadin da ba ya kama wuta ya bazu.

Tutar Amurka da ke kafaɗar dama kuwa a juye take da gangan, taurari na gaba, kamar mai ɗauke da ita yana kutsawa iska na kaɗa ta baya. Kusa da ita akwai ɗan ƙyalle da sai mai na'urar dare ke ganin walƙiyarsa, don kada a harbi na gida. Wannan matsala ta tsananta a yaƙin Ukraine: kakin ɓangarorin biyu ya yi kama sosai, har sai sun naɗa salatif a dantse, 'yan Ukraine rawaya ko shuɗi ko kore, 'yan Rasha fari ko ja.

Matasa masu sha'awar sayen wandon soja a gwanjo, ku sani: dokar Najeriya ta haramta wa farar hula sa kakin soja, kuma akan hukunta wanda aka kama.