Kafin A Ɗaura Wa Tsohuwar Fijo Altanetar Gwanjo

'Yan'uwa, har yanzu akwai tsofaffin Fijo 504, haɗin Kaduna, masu kai mana dawa kasuwar Zuru, su kuma kai marar lafiya asibiti da dare. Idan altanetarsu ta mutu, mukan nemo ta gwanjo daga Panteka.

Amma fa a kula. Ta dā, katawut ɗinta a waje yake. Yawancin na gwanjo kuwa a ciki. Sai mai wayarin ya raba tsohon katawut da layi, ya haɗa wayar jar fitilar caji, gama ita ke tayar da cajin. A sa mita a batir: wajen volt 14 ake nema.

Cire kan batir injin yana aiki, wai gwaji, yakan ƙona altanetar, mota ta mutu a hanyar Kontagora.