Gasar Makaɗan Da Ba Su Da Ubangida A Ƙasar Ingila

Babbar matsalar da ke fuskantar sabon mawaƙi a ƙasar Ingila ita ce yadda zai sami wanda zai saurare shi. A can kamfanonin faifai su ne iyayen gidan mawaƙa, domin su ke biyan kuɗin ɗaukar waƙa, su kai ta gidajen rediyo, kana su nema wa mai ita gurbi a manyan bukukuwa. Wanda bai ƙulla yarjejeniya da ɗaya daga cikinsu ba, kome zaƙin muryarsa, sau da yawa yakan ƙare a ƙananan kulob-kulob, inda abin da ake ba shi da ƙyar yake isa kuɗin mota.

Saboda irin waɗannan samari da 'yan mata ne masu shirya bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury suka ƙirƙiro wata gasa a shekarar 2004, wadda babbar kyautarta ita ce a bar wanda ya ci ya hau ɗaya daga cikin manyan dandamalin bikin.

Shi dai wannan biki wani manomi mai kiwon shanun madara ne, Michael Eavis, ya fara shi a gonarsa da ke ƙauyen Pilton cikin lardin Somerset, a watan Satumba na 1970. A wannan karon mutane kimanin 1,500 suka hallara, kuɗin shiga Fam 1 ne, har da kyautar madara. Sannu a hankali abin ya bunƙasa har ya kai mutane wajen 200,000 ke taruwa a gonar na tsawon kwana biyar a ƙarshen watan Yuni. Marigayi Fela Anikulapo Kuti ya yi wasa a wurin a 1984, haka kuma Burna Boy da Ayra Starr sun hau babban dandamalinsa a 2024. Don haka ga yaron da bai taɓa tsayawa gaban mutum 500 ba, samun rabin sa'a a wannan fage ba ƙaramar nasara ba ce.

Bisa ga ƙa'idojin da aka bi daga 2023 zuwa 2025, ba a biyan ko kwabo wajen shiga gasar, amma dole mai nema ya kasance yana zaune a Birtaniya ko Ayalan. Mako guda kacal ake bayarwa a farkon shekara, kowa ya aika da waƙa ɗaya wadda shi ya ƙirƙira, tare da hoton bidiyo da ke nuna shi yana wasa da kansa, ko da a ɗakin kwanansa aka ɗauka. Daga nan sai marubuta 30 masu sharhi kan kaɗe-kaɗe su tace dubban waƙoƙin da aka aiko, su fitar da 90. Waɗansu alƙalan kuma, cikinsu har da Michael Eavis da 'yarsa Emily, su sake tankaɗe da rairaya har a tsaya kan 8.

Waɗannan takwas ɗin ake gayyata wani ɗan zauren taro a ƙauyen Pilton, kowa ya yi wasa a gaban alƙalai da 'yan kallo. A nan ne hikimar tsarin take. A ɗakin ɗaukar waƙa na'ura tana iya gyara muryar da ta kauce, amma a gaban jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya zo na ɗaya yakan sami gurbi a bikin da kuma Fam 5,000 daga gidauniyar PRS, wadda ke tallafa wa sababbin mawaƙa, na biyu da na uku kuwa Fam 2,500 kowannensu.

Tarihin gasar ya nuna cewa ƙofar tana buɗuwa da gaske. Ƙungiyar The Subways, wadda ta ƙunshi matasa uku, ita ta fara cin gasar a 2004, kuma a shekarar da ta biyo baya ta fitar da faifanta na farko. Declan McKenna yana ɗan shekara 16 ya ci a 2015, bai daɗe ba kamfanin Columbia ya ɗauke shi. A 2023 kuwa wani ɗan Afirka ta Yamma ne ya yi zarra, watau N'famady Kouyaté, mutumin ƙasar Gini da ke zaune a birnin Cardiff. Shi makaɗin gado ne, abin kiɗansa balafon, wanda ake yi da jerin itatuwa a ɗaura goruna ƙarƙashinsu don ƙara amo, kuma yana haɗa harsunan ƙasarsu da harshen mutanen Wales a cikin waƙoƙinsa.

Sai dai kuma ya kamata a faɗi gaskiya: cikin dubban da ke nema, ɗaya ke cinyewa, kuma ba duk wanda ya ci ne sunansa yake ɗorewa ba. Rabin sa'a a dandamali ba ta biyan kuɗin haya, Fam 5,000 kuma ba ta da wuyar ƙarewa ga ƙungiyar mutum huɗu ko biyar masu buƙatar kayan kiɗa da motar zuwa wasa. Bugu da ƙari, damar ba ta zuwa kowace shekara, domin akan hutar da gonar lokaci-lokaci don ciyawa ta farfaɗo, kamar yadda aka yi a 2018, aka kuma tsara yi a 2026.

Duk da haka, amfanin gasar a fili yake. Ta nuna cewa babban biki yana iya keɓe wuri ga wanda ba shi da kowa, a auna shi da abin da ya iya, ba tare da an tambayi wanda ya tsaya masa ba. Abin da ya rage bayan nan, sai ƙwazon mawaƙi da haƙurinsa.