Hunturu a Rijiyar Zaki: Hattara da Kaskon Cikin Ɗaki

Wanda ya fito sallar asuba a Rijiyar Zaki cikin watan Janairu, ya ga fitilun motocin titin Gwarzo sun dushe cikin hazo, kowa ya naɗe kunnuwa da rawani, zai rantse babu ƙasar da ta fi Kano ɗari. Ƙarfe ɗayan rana kuwa mutumin nan ya tuɓe rigar sanyi yana neman inuwa. Da dare ma'aunin zafi kan sauko wajen digiri 13, wani zubin ƙasa da 10, da rana ya haura kusan 30. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Rasha dariya suke yi in suka ji mun ce muku-mukun sanyi, tunda ruwan randa bai taɓa daskarewa a garin nan ba. Gaskiyarsu, sanyinmu mai sauƙi ne. Sai dai raina kama ka ga gayya: kowace shekara hunturu na tafiya da rayuka, kuma da dama daga cikinsu ta hanyar abin da muke yi don gudun sanyin.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, tun ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Yawancin ƙurar da ke kwanta mana a gashin ido daga kwarin Bodele take a ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. In ta yi kauri har jirage kan kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Busasshiyar iskar nan ce ke tsotse laima, leɓe ya tsage, faso ya buɗe baki, wanki ya bushe kafin a gama ɗauraya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kasko. Uwa ta hura gawayi bayan isha'i, ta shigar da shi ɗaki saboda yara, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma. Niyyarta alheri ce. Amma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai barci ba ya farkawa ya ji ana shaƙe shi, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Da safe a ɓalle ƙofa, wasu su ce sammu ne, wasu su ɗora wa tuwon dare. Janareto a soro ko a bakin taga ma haka yake yi. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala a lokaci guda, a buɗe ƙofa da taga, a fito da kowa sarari, a nufi asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi. A sha ɗumi a tsakar gida, a kashe wutar, sannan a kwanta da bargo.

Sai gobara. Unguwannin Ungoggo irin namu rabi gari ne rabi gona: ga karan dawa an jingine a bango, ga harawa a kan rufi, komai ya bushe ƙayau, ga iska. Tartsatsi ɗaya ya isa. A gidajen da ke da lantarki kuma hita ce annoba. A jefa ta a bokiti, a ɗauke wuta, a manta, a kawo wuta cikin dare, ruwa ya ƙone, roba ta kama. 'Yan kasuwar Sabon Gari ba su manta da gobarar Maris 2016 ba, wadda ta tashi cikin dare ta cinye dubban shaguna. Da an ɗauke wuta a zare duk abin da aka jona. Galan ɗin fetur kuma ba abokin kwana ba ne.

Iyaye mata kan ce “sanyi ya shige shi” in yaro na tari. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo nimoniya, ƙura da hayaƙin ɗaki suna share musu hanya. Ku ɗaga rigar yaron ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Jaririn wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko aka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, wannan ya wuce shafa man zafi da siyan sirop a kemis. Mai asma ya riƙa yawo da abin shaƙarsa, ya sa takunkumi ranar da hazo ya sauko. Masu sikila su ne hunturu ya fi wahalarwa, don sanyi da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar musu da ciwo, ga shi a wannan lokaci ƙishirwa ba ta damun kowa. A riƙa ba su ruwa ko ba su nema ba, a yi musu wanka da ruwan ɗumi in rana ta ɗaga. Almajiran da ke kwana a soron unguwa kuwa, tsohon bargon da ke jibge a ƙasan gadonka ya fi musu amfani da sadakar naira hamsin.

Kada a saki jiki don sanyi ya fara ja da baya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙura ta gama kankare hanci da maƙogwaro zafi kuma ya kunno kai, sanƙarau ke samun ƙofa, musamman a ɗakin da mutum goma ke kwana babu taga. A 1996 ya kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, Kano na cikin inda abin ya fi muni. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, don haka in masu rigakafi sun zo unguwa a fito da yara. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, ko maɗigar jariri ta kumbura: a wannan daren za a tafi asibiti, ba a jiran gari ya waye.